Babi na Huɗu: Fangali a Tsakar Gida

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna mutum 247,875 ne ke zaune a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 479. Idan aka raba, kowace murabba'in kilomita tana ɗauke da mutum sama da 500, kuma wannan tsohon lissafi ne, domin wasu daga cikin jariran da aka ƙidaya a lokacin yau sun yi aure. Ƙasa kuwa ko taku ɗaya ba ta ƙaru ba. Rabon gado yana ta gutsuttsura gonaki, sannan daga Dawanau zuwa Tumfafi da Kwa fulotai da manyan sito suna ta cinye gonakin bakin titi. Magidancin da ya rage da 'yar gona ba zai yi wasa da ita ba: gero da dawa zai shuka, ya sa wake da gyaɗa a tsakani, kuma ya yi daidai, tunda ciki sai da hatsi. Abin da ke rasa gurbi a wannan lissafi shi ne kayan miya. A ƙaramar hukumar da ke da kasuwar Dawanau, wadda ake wa kallon babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma, akwai gidaje da yawa da in damina ta wuce ba sa ganin ɗanyen ganye a tukunya sai ranar da aka samu kuɗin cefane ya yi rara.

Ra'ayina a nan shi ne, gurbin da kayan miya suka rasa a gona za a iya mayar musu da shi a tsakar gida, ta hanyar fangali ɗaya ko biyu da aka yi wa gefe aka cika da ƙasa mai taki. Amma sai an gina shi da la'akari da daminar Kano da raninta. Wanda ya kwafo akwatin katakon da yake gani a bidiyon waya, wanda aka tsara don ƙasashen sanyi da yawan ruwa, zai sha wahala, ya yi asarar iri, ƙarshe ya ce abin ba ya yi a nan.

Mu fara da abin da mutanen wannan ƙasa suka riga suka iya. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarin karkarar da ta kewaye birnin Kano, ya tarar ana noma mafi yawan ƙasar kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, amma ba ta mutu ba. Sirrin shi ne taki. Jakuna suna kai itace da amfanin gona birni, su dawo da mangaloli cike da shara da toka. A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta bi sawun wannan tsari a ƙauyen Tumbau, ta nuna yadda harawar wake da ta gyaɗa ke shiga cikin tumaki da awakin da aka ɗaure a gida, kashinsu ya koma gona, har ƙurar hunturu ma tana ƙara wa ƙasa wani abu. Manomin da ya gaji irin wannan hikima ba ya bukatar a koya masa cewa ƙaramin wuri mai ƙoshin taki ya fi fili mai faɗi da yunwa ta kama. Fangalin tsakar gida wannan tunani ne aka matse shi a wuri mafi ƙanƙanta, kusa da turken awaki, inda ba sai an ɗauko jaki ko amalanke ba.

Manomin nan kuma ya san siffa biyu ta shuka, kowacce da lokacinta. Da damina yana huɗa, ya ɗaga kunya, domin saiwa ta samu ƙasa mai laushi kuma kada ruwa ya kwanta mata. Da rani, in ya sauka lambu a fadama, ko a Watari ta Bagwai, ko a Kadawa inda ruwan madatsar Tiga ke zuwa tun shekarun 1970, sai ya yi akasin haka: ya yi fangali mai zurfi kaɗan da gefe kewaye, ya sako ruwa ya tsaya ya jiƙa. Ko a Nijar, manoman Illela ta jihar Tawa sun farfaɗo da ƙeƙasasshiyar ƙasa ne ta hanyar tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba wa taki su tare ruwan sama, kamar yadda Yakuba Sawadogo ya yi suna da irinsu a Burkina Faso. Duk inda ruwa ya yi ƙaranci, mutane ƙasa suke tonawa. A Ingila da arewacin Amurka kuwa ana ɗaga wurin shuka ne saboda ƙasarsu tana jiƙe sharkaf kuma tana daɗewa da sanyi, ana so ta tsane da wuri ta ɗumama. Mu abin da muke fama da shi wata bakwai zuwa takwas a shekara shi ne bushewa da zafi. Dogon akwatin da rana ke duka ta gefe huɗu a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura maki 40, zai bushe kafin la'asar, saiwa ta dahu a ciki. In na katako ne kuma, gara za ta gama da shi kafin shekara ta zagayo.

To me ya sa za a ɗaga shi ko kaɗan? Saboda tsakar gida ba fadama ba ce. Ƙasa ce da ƙafa ta daɓe shekara da shekaru, wani wuri an zuba burji, wani wuri an yi siminti, kuma duk ruwan da ke sauka daga rufin kwano a nan yake taruwa. Yankin Kano yana samun ruwan sama kimanin milimita 700 zuwa 900 a shekara, amma kusan duka yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, mafi ƙarfinsa a Agusta. Shukar da aka yi a rami a irin wannan tsakar gida za ta nutse, kuma ruwan da ya bi ta makwarara da turke da bakin banɗaki zai malalo kan ganyen da za a ci. Saboda haka ana bukatar ɗagawa, amma kaɗan. Abin da ya fi dacewa shi ne a farfasa daɓen da diga, a jera bulo sahu biyu, ko duwatsu, ko gutsattsarin bulon da ya ragu a wurin gini, a zuba ƙasa har ta ɗara tsakar gida da kamar taƙi guda, sannan a bar yatsa huɗu tsakanin ƙasar da bakin bulon. In ka tsaya a waje ka dube shi tudu ne, ruwan damina ba zai hau shi ba. In ka leƙa ciki kwari ne, ruwan da ka zuba da rani ba zai gudu ba. A bar 'yan kafofi a sahun ƙasa domin rarar ruwan Agusta ta fita. Tubalin laka ba zai jure ban-ruwa kullum ba, sai dai ƙonanne. Faɗin kada ya wuce kamu biyu da rabi, wato kimanin mita 1.2, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe. Wannan ƙa'ida ta fi yadda ake zato muhimmanci, domin ranar da ƙafa ta fara shiga ciki, ƙasar ta kama hanyar komawa daɓe. Irin wannan gajeren gefe ne mutanen Kyuba suka yi amfani da shi bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, lokacin da takin zamani da man fetur suka yanke musu: suka kewaye filayen birnin Habana marasa kyau da ƙananan katangu, suka cika da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, suka ciyar da birni da ganye.

Cikin fangalin shi ne ainihin aikin. Ƙasar jigawa ta wannan yanki tana da rairayi, ruwa yana wuce ta da sauri, don haka kashi biyu na ƙasar saman gona da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen kashin awaki ko na shanu shi ne gwargwado mai kyau, a barbaɗa toka kaɗan. Ɗanyen kashi, musamman na kaji, yana ƙona ƙaramar shuka, kuma yana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa, abin tsoro ga latas da lansir da ake ci ɗanye. A tara shi a jiƙa, a riƙa juyawa wata uku ko huɗu har ya yi baƙi ya daina wari. Sharar birni da kakanni suka dogara da ita kuwa yau ta canza. Binciken da aka yi a kewayen Kano a farkon shekarun 2000 ya nuna manoma da kansu suna kokawa da yadda leda ta cika takin bola, ban da tsoffin batura da kwalabe. Gona mai faɗi za ta iya shanye wannan, amma fangalin da yara za su ci daga gare shi kullum bai kamata a zuba masa abin da ba a san asalinsa ba. Wani zai ce takin da aka ba fangali gona aka hana. Gaskiya ne, sai dai a duba yawansa: fangali mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1.2 buhu biyu zuwa uku na taki zai ci a cikon farko, bayan nan kwano kaɗan duk bayan girbi. Awaki biyu a turke sun fi ƙarfin wannan.

Babbar hujjar masu shakka ita ce ruwa, kuma ba hujja ce da za a raina ba. A ƙauyen da rijiya ke ja baya tun watan Maris, inda yara ke bin layi a famfon tuƙa-tuƙa ko ake sayen jarka a hannun 'yan garuwa, ce wa mutum ya yi lambu kamar raini ne. Amsar tana cikin lissafi. A ranin Kano, rana da iska suna zuƙe kimanin lita 5 zuwa 7 daga kowace murabba'in mita ta shuka a yini. Fangalin da muka ambata murabba'in mita 3.6 ne, ke nan yana neman lita 18 zuwa 25, jarka ɗaya a rana. Wanda ya yi fangali biyar ya ɗora wa gidansa jarka biyar, kuma shi ne zai fara yada aikin. Shi ya sa nake ganin ƙanƙantar fangali ita ce ƙarfinsa, kuma duk mai ba da shawarar a fara da babba bai taɓa ɗaukar jarka ba. Jarka ɗaya ɗin ma ba dole ta fito daga rijiya kai tsaye ba. Gidan mutum takwas da ke alwala sau biyar a rana, ana wanke shinkafa da kayan miya, ana ɗauraye kwanuka, yana zubar da ruwan da ya kai haka a makwarara, ya fita lungu ya zama kwatami da gidan sauro. Bahon da aka ajiye a wurin alwala zai tare mafi yawansa. Ruwan wanki mai omo da bilic ba ya cikin wannan lissafi, domin gishirinsa yana taruwa ya kashe ƙasa, ruwan banɗaki kuwa ba a ma kawo maganarsa. A zuba a gindin shuka da yamma, kada a watsa a kan ganye, sannan a lulluɓe ƙasar da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, wanda ke rage bushewa ƙwarai.

Akwai kuma wata dabara da ta fi dacewa da Dawakin Tofa fiye da kusan ko'ina, tunda gari ne da aka sani da ginin tukwane. Tukunyar ƙasa da ba a shafe ta ba tana tsattsafo, shi ya sa ruwan randa ke sanyi. Wannan hali ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yi amfani da shi ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. In aka binne tulu a tsakiyar fangali har wuya, aka cika shi da ruwa aka rufe bakinsa, ruwan zai riƙa fita a hankali ta jikin yumɓun, ƙasa in ta bushe ta ja, in ta ƙoshi ta rage ja, saiwoyi kuma su zo su kewaye tulun. Manoman Sin sun rubuta wannan dabara fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ba ta isar wa ƙananan iri da aka yayyafa, waɗannan sai an ba su ruwa ta sama har su kama, amma ga barkono da yalo da ɗoɗɗoya tana rage ruwa da yawan zirga-zirga. A lokacin da roba da firji ke janye wa magina kasuwa, abin takaici ne a ce ba a gwada wannan sosai a garin da tulu ya fi araha ba.

Hujja ta biyu ita ce ta kasuwa: me zai sa in wahala, alhali daga Janairu zuwa Afrilu tumatirin Kura da Garun Malam yana cika kasuwannin Kwanar Gafan da 'Yankaba har ana shanya shi a bakin titi? A kan tumatir na yarda da masu wannan magana, kuma zan ƙara musu. Kada a ɓata fangalin gida wajen gasa da Kadawa. Lokacin da tumatir ke yi maka kyau a gida shi ne lokacin da ya fi araha a kasuwa, lokacin da yake tsada kuwa, a zafin bazara da tsakiyar damina, furensa kakkaɓewa yake ko cuta ta kama shi. Ga kuma ƙwaron Tuta absoluta, wanda manoma suka laƙaba wa suna Sharon, da ya share gonaki a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya saboda rashin abin niƙawa. Abin da manyan manoma masu feshi suka kasa tarewa, gindi shida a tsakar gida ba za su tsira daga gare shi ba. Ribar fangali tana wurin abubuwan da ake bukata kaɗan-kaɗan kullum, masu saurin yaushi bayan an cire, masu sake toho in an yanka. Alayyafo yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, kuma in aka yanke sama aka bar gindi zai sake fitowa. Haka rama da yakuwa da lalo da gasaya, duk sun saba da zafinmu. Albasa ko ba ta yi kai ba lawashinta ya biya. Gindin barkono biyu ko uku suna iya shekara suna bayarwa. Ɗoɗɗoya tana son rana, na'a-na'a kuwa tana son inuwa da laima, kuma gara a ware mata tsohuwar tukunya domin in ta samu wuri mamaye shi take. Zogale a dasa shi daga waje, ta yamma da fangalin, a riƙa sare kansa kada ya yi tsawo: ga ganye, ga 'yar inuwar da ke kare zafin azahar zuwa la'asar.

Me ya sa ganye ya cancanci duk wannan? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma fiye da rabin matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi sun rufa wa gidajen Hausa asiri tsawon zamani, kuma suna da amfani, amma shanya a rana tana lalata yawancin bitamin C da wani kaso na sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Ɗanyen ganye yana cike wannan giɓi, musamman in an haɗa shi da mai, kamar yadda ake kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli. Ba zan ce fangali zai kawar da tsumburewa ba, domin wannan matsala tana da hannun gudawa da zazzaɓi da talauci. Ƙungiyar Helen Keller International, wadda ta yaɗa lambun gida a Bangaladash tun wajen 1990, daga baya ta kai shi Burkina Faso, abin da ya fi tabbata a ayyukanta shi ne gidajen da ke da lambu sun fi cin ganye iri-iri kuma sun fi ci a kai a kai. Wannan kaɗai ya isa dalili. Sannan mai fangali ya san ruwan da ganyensa ya sha, abin da mai sayen latas ɗin da aka noma a bakin rafukan Jakara da Getsi, inda ruwan kwatoci da na masana'antun Bompai ke bi, ba zai iya cewa ba.

Akwai wani dalili da ya shafi tsarin gidan Bahaushe. Mace ce ke sanin abin da zai shiga tukunya, amma gona da lambun fadama da kasuwa galibi a hannun maza suke, kuma a gidaje da yawa matar aure ba ta fita da rana. Duk abin da zai shiga miya sai ya bi ta aljihun maigida da ƙafar yaron aike. Fangalin da ke taku goma daga murhu ya cire waɗannan tsani biyu. Matar da ta iya kiwon akuya da kaji da sana'ar ƙuli-ƙuli a cikin gida ba za ta gaza da shi ba, kuma in ganye ya yi yawa, yarinyar da ke kai tallan ƙuli za ta iya haɗawa da ƙullin alayyafo. Ma'aikatan gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, da malaman Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Ɗambatta za su fi yin tasiri a nan in suka bi ta hannun mata masu shiga gida-gida, da 'yan ƙullin iri mai kyau, fiye da taron maza a ƙofar gidan dagaci.

Sauran matsalar ita ce dabbobi da ƙwari, kuma ta dabbobi ta fi gaggawa. Akuya ɗaya da ta kwance za ta cinye aikin wata guda kafin a idar da sallah, kaji kuma su tone irin da aka yayyafa jiya. Don haka a yi shinge kafin a yi shuka: darnin karan dawa mai kauri, ko zana, ko ragar waya ga mai hali, a kuma rufe sama da tsohon gidan sauro har shuka ta yi ƙarfi, wanda ke hana ƙadangaru da tsuntsaye ma. Ƙananan ƙwari a fara da hannu, a riƙa duba bayan ganye da safe, a barbaɗa toka, in sun yi yawa a daka 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana a tace a fesa da yamma. Fiya-fiya da magungunan feshin wake ba su da wuri a nan ko kaɗan, tunda ganyen da aka fesa yau gobe ake tsinkarsa. Kada kuma a maimaita barkono da yalo da tumatir a gurbi ɗaya shekara bayan shekara, domin dangi ɗaya ne, tsutsar da ke sa saiwa ƙulu-ƙulu tana taruwa. A musanya su da albasa ko alayyafo.

Lokacin farawa mafi sauƙi shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba, sa'ad da rijiyoyi ke cike, karan darni ya samu, takin da aka tara tun damina ya ruɓe. Sanyin hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne na latas da lansir da karas da albasa da kabeji, sai dai alayyafo yana ɗan jinkirin girma a lokacin. Da zafi ya kunno kai a Maris, a rage buri: a bar rabin fangalin a lulluɓe ya huta, a tsare barkono da ɗoɗɗoya a kewayen tulu, a ɗaura zana a sama ta kare ranar tsakar yini. Kafin ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, a buɗe kafofin sahun ƙasa, a ƙara taki, a shuka kuɓewa da yakuwa da rama, a kuma tara ruwan indararo a duro mai murfi domin kwanakin da ruwa kan ɗauke bayan shuka ta tsiro.